Yarona ya ƙi fo, sai ya ɓuya ya ɓata wando

"Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Kano, a gidan iyayen mijina. Ɗana na fari shekararsa 2 da wata 7, kuma wata 2 ke nan da na haifi ƙanwarsa. Kafin in haihu ya fara zama a kan fo, yana fitsari a ciki, wani lokaci har kashi. Yanzu ya koma baya gaba ɗaya. In kashi ya matse shi sai ya shige bayan labule ya sandare, ya harɗe ƙafafu yana nishi, in na ɗauko fo sai ihu. Yakan yi kwana uku ko huɗu bai yi ba, amma kullum da ɗan ruwan kashi a wandonsa. Da dare kuma ga fitsarin kwance. Hajiya ta ce 'ya'yanta duk kafin yaye suka daina, famfas da sangarta ne suka lalata shi. 'Yar facalata da ya girme ta ta daina tuni. Na dake shi, na tsorata shi da dodon masai, babu abin da ya sauya. Wata maƙwabciya ta ce basir ne, in ba shi jiƙo. Mijina ya ce wannan harkar mata ce. Ga tsadar famfas ta yara biyu, ga shi muna so mu sa shi makaranta. Wallahi na gaji. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Barka da sauka lafiya, Allah Ya raya jaririya da yayanta, Ya ba ki lafiyar shayarwa. Gajiyarki tana kan hanya: jego, rashin barci, wankin da ba ya ƙarewa, ga idon gida a kanki. Amma ki ba ni hankalinki, domin a cikin wasiƙarki kin faɗi ciwon yaron nan da bakinki ba tare da kin sani ba.

Yaron da yake ɓuya, ya sandare, ya harɗe ƙafafu, ya yi kwana uku bai yi bayan gida ba, sannan a riƙa ganin ɗan ruwan kashi a wandonsa, alamunsa duk na taurin bayan gida ne. Nishin da kike ji a bayan labule, ƙoƙari yake ya hana kashin fitowa. Yadda abin yake faruwa shi ne, wata rana kashi mai tauri ya fito masa da zafi, mai yiwuwa har ya ɗan tsaga masa dubura. Yaro ɗan shekara biyu ba ya manta zafi, kuma dabarar da ya sani guda ɗaya ce: kada ya sake bari ya fito. To aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa daga abin da ke cikinsa. Duk kwanan da kashi ya ƙara a ciki, ƙara bushewa yake, ya ƙara girma. Ranar da ya fito dole, zafin ya fi na baya, yaron ya ƙara tsorata, ya ƙara riƙewa. In aka daɗe a haka, ƙarshen hanjin yakan buɗe saboda cika, har yaro ya daina jin alamar matsuwa sosai. Sabon kashi mai laushi da ke tahowa daga sama sai ya riƙa zagaye dunƙulen nan yana tsiyayowa, kamar kwatar da ta toshe ruwa na bi ta gefe. Shi ne abin da kike gani a wando, kuma sau da yawa yaron bai ma san ya fito ba.

Don haka ki duba abin ta wurinsa. Cikinsa na ciwo, wurin fita na zafi, an ce akwai dodo a inda ake so ya je, uwar da yake gudu wurinta in ya ji tsoro kuma ita ce ke riƙe da bulala. Ban faɗi haka don in ɗora miki laifi ba, yawancinmu da haka aka raine mu, kuma abin da mutum ya gani shi yake yi. Amma daga yau a ajiye duka, a ajiye dodo, a ajiye tsawa a kan wannan magana. Tsoka ba ta sakewa a jikin mai tsoro, kashi kuwa sai tsoka ta saki yake fita. Kowane duka yana ƙara wa aikinki tsawo.

Abu na farko, ki ɗauke fo ki ajiye na mako biyu ko uku. Ki gaya masa da murya mai sanyi cewa in kashi ya zo ya yi a famfas ko nafkin, ba mai dukansa. Na san zai yi miki kamar an koma baya, kuma za a yi magana a tsakar gida. Ki daure. Abin da ake nema yanzu shi ne kashi ya riƙa fita kullum, da laushi, ba zafi, a ko'ina ne. Inda zai yi shi magana ce ta gaba.

Abu na biyu, ki kai shi asibiti a cikin makon nan, ko asibitin sha-ka-tafi na unguwa ko ɓangaren yara na babban asibiti. Ki faɗa wa likita duk abin da kika faɗa mini, har da tsiyayar nan, domin in kika ce kawai "yana ɓata wando" ana iya ɗauka gudawa ce a ba shi maganin da zai ƙara ɗaure cikin. Likita zai taɓa cikinsa, ya duba ko akwai tsagewa, kuma akan ba da maganin sha mai jawo ruwa cikin hanji ya tausasa kashi, irin su lactulose ko macrogol. Inda iyaye mata suka fi kuskure shi ne, da zarar yaro ya yi bayan gida sau biyu lafiya sai a ajiye kwalba. Hanjin da ya buɗe yana bukatar lokaci kafin ya koma daidai, tsoron yaron ma haka, shi ya sa akan ɗauki watanni ana shan maganin, sannan a riƙa ragewa a hankali bisa umarnin likita. Awon magani nasa ne, kada ki karɓa daga bakin mai kemis ko maƙwabta.

Maganar jiƙon basir kuwa, ki yi wa maƙwabciyarki godiya ki bar shi. Ba ki san abin da ke ciki ba, ba ki san ƙarfinsa ba, kuma mai sa zawo da murɗa yana iya ƙarar da ruwan jikin ƙaramin yaro cikin sa'o'i kaɗan. Haka tura sabulu a dubura ko ɗura masa ruwa ta ƙasa: wurin da ya riga ya tsage ake ƙara ƙonawa, yaron kuma ya ƙara tabbatar da cewa duk abin da ya shafi wurin nan azaba ne.

Abinci yana taimakawa, ko da yake shi kaɗai ba kasafai yake fitar da abin da ya riga ya dunƙule ba. Ki yawaita ba shi ruwa, musamman a zafin Kano, domin yaro mai wasa ba ya tuna ƙishirwa sai an miƙa masa kofi. Gwanda, kankana, lemu da ɓargonsa, mangwaro in lokacinsa ne, wake, alayyahu, zogale, miyar kuɓewa da ta kuka, duk suna cikin kasuwarmu kuma ba su fi ƙarfin aljihu ba. Ki rage biskit, cincin, farin burodi da taliyar leda, waɗanda na san su ne mafi sauƙin miƙa wa yaro in jaririya na kuka. In yana shan madara da yawa har ta hana shi cin tuwo, ita ma a rage.

Akwai alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya: ciki ya kumbura ya yi tauri, amai musamman mai kore, jini mai yawa a bayan gida, zazzaɓi tare da kuka lokacin fitsari, ko ƙafafu su yi rauni. Ki kuma gaya wa likita in tun yana jariri yake fama da wannan matsala, ko in bai yi kashin farko ba a cikin kwana biyu da haihuwa, ko in ba ya ƙara nauyi.

Yanzu bari mu zo kan ƙanwarsa. Komawa baya bayan an yi wa yaro ƙani abu ne da aka saba gani ƙwarai. Jiya shi ne a bayanki, yau an ce ya matsa kada ya danne jaririya. Yana kallo ita tana ɓata nafkin a wanke ta ana mata wasa, shi ya ɓata wando a dake shi. A nan ne nake so in taɓa wani abu da ba ki rubuta ba amma na san yana nan: ɗan fari ne, kuma a gidan surukai kike. Kunyar ɗan fari ta hana ki ɗaukarsa a gaban mutane, ta hana ki yaba masa, wataƙila ko sunansa ba kya kira. In aka yi masa faɗa ba ki da bakin karewa, har ma kina jin dole ki fi kowa tsanani don kada a ce kin so ɗanki. Al'ada ce mai asali, ba na ce ki yi watsi da ita a tsakar gida ba. Amma a da, yaron da uwa ke kunya yana da kaka ko goggo da ta ɗauke shi kacokan, ita ce cinyarsa, ita ce mai lallashinsa. In babu wanda ya cike wannan gurbi, yaron yana tashi tsakanin mutane da yawa ba shi da wurin fakewa. Ɗakinki naki ne. In kin sa labule, ki ɗora shi a cinya, ki yi masa tatsuniya, ki ce masa yaron kirki, ko na minti goma ne a yini lokacin da jaririya ke barci. Ki riƙa aikensa ya miƙo miki nafkin ko man shafawa, ki ce "yaya ya taimaki ƙanwarsa". Za ki ga bambanci a abubuwa da yawa, ba a fo kaɗai ba.

In kashi ya yi laushi ya koma fita kusan kullum ba kuka, sai a dawo da fo. Hanji yana motsi ne bayan an ci abinci, don haka lokacin da ya fi dacewa shi ne kamar minti 15 zuwa 30 bayan karin kumallo, da kuma bayan abincin dare. Ya zauna kamar minti 5, ba fiye ba, ko ya yi ko bai yi ba ki ce masa sannu da ƙoƙari ya tashi. Ƙafafunsa su taɓa ƙasa sosai, gwiwoyi su ɗan fi ƙugu tsawo, domin zaman da ya yi kusa da tsuguno shi ya fi sauƙaƙa fita. In ban ɗakinku na zama ne, a sa masa ƙaramar kujera ya taka. Ki zaɓi wuri guda mai sutura, nesa da inda ake girki, nesa da idon sauran yara masu dariya. Yaron da ke shiga bayan labule ya riga ya nuna miki yana son sirri. In ya ƙi zama sam, ki bi shi mataki-mataki: ya yi a famfas amma a tsaye kusa da fo, bayan kwanaki ya zauna a kan fo da famfas ɗin a jikinsa, sannan a kwance ta a shimfiɗa a ciki, daga nan a cire. Kada ki ɗora shi a bakin masai tukuna. Ramin nan mai duhu abin tsoro ne ga babba ma, balle wanda aka ce masa da dodo a ciki. Wannan maganar dodon ma sai kin warware ta da bakinki, ki ce masa babu komai a ciki, kuma ki roƙi yaran gida su daina.

Da rana ki bar shi da wando mai roba wanda zai iya zamewa da kansa, ki tanadi da yawa na gwanjo masu sauƙin wanki. Famfas ta koma ta dare da ta lokacin kashi kawai, kin ga kuɗin ma ya ragu. Lokacin zafi ya fi sauƙin wannan koyo. In kuwa hunturu ya same ku a ciki, ki riƙa surka masa ruwan tsarki da ɗumi, domin ruwan randa mai sanyi a kan wurin da ya tsage ya isa ya sa yaro ya tsani fo. Ranar da ya ɓata wando, ki wanke shi ba tare da ɓata fuska ba, ki ce "gobe a fo za mu yi". Muna da abin koyi a nan. Ya tabbata a hadisi cewa Ummu Ƙais bint Mihsan ta kawo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ƙaramin ɗanta, ya ɗora shi a cinyarsa, yaron ya yi masa fitsari a tufafi, abin da ya yi kawai shi ne ya nemi ruwa. Kuma in damuwarki tsarkin sallah ne, malaman Malikiyya sun yi rangwame ga mai shayarwa a kan abin da ya taɓa tufafinta na fitsari ko kashin jaririnta matuƙar tana ƙoƙarin kiyayewa, suka so ta keɓe tufafin sallah daban. Ki ware zani da hijabi guda ki rataye, hankalinki ya kwanta.

Hajiya kuma, kada ki yi jayayya da ita, domin akwai gaskiya a maganarta. Iyayenmu tun yaro yana 'yan watanni suke ɗora shi a kan ƙafafunsu da safe da bayan ya sha nono, sun san lokacinsa, sun san motsin da yake yi a baya in fitsari ya zo. Yaro yana yawo ba wando a tsakar gida mai ƙasa, ga hannaye da yawa masu taimako. Hanya ce mai aiki, kuma gaskiya ne famfas tana tsotse lema har yaro ba ya jin ya jiƙe. Sai dai yaron da ke gabanku yau ya wuce wannan mataki, kuma yana da ciwo da ake bukatar a warkar tukuna. Yawancin yara suna nuna shirin koyon fo ne tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa 3, kuma 'yan mata sukan ɗan riga maza, don haka 'yar facalarki ba ma'auninsa ba ce. Shawarata ita ce ki jawo Hajiya cikin aikin. In da hali ku je asibitin tare ta ji daga bakin likita. Ki ce mata, "Hajiya, ya fi jin maganarki, ko za ki riƙa zaunar da shi bayan koko da safe?" Kaka tana da abin da ba ki da shi a gidan nan: tana iya yi masa wasa, ta kira shi mijinta ko angonta, ta yi masa kirari a gaban kowa ba mai cewa komai.

Maigida ma yana da rabonsa. Maganar a daina dukan yaro a gidan nan, daga bakinsa ya kamata ta fito zuwa ga mahaifiyarsa da ƙannensa, domin in daga bakinki ta fito za a ce rashin kunya. Kada ki tare shi da ƙorafi yana shigowa. Ki bari ya ci abinci, ki ce masa yaron ba shi da lafiya, likita ya ce kaza, ga abin da kike nema a wurinsa: kuɗin magani, magana da Hajiya, da kuma ya riƙa kai yaron fitsari da asuba da kafin barci. Ɗa namiji yana son kwaikwayon ubansa. A wurinsa zai koyi riƙe buta, da shiga da ƙafar hagu, da tsarki da hannun hagu, da wanke hannu bayan an fito.

Tunda na ambaci wanke hannu: mutane da yawa suna ɗauka kashin yaro ba shi da illa, alhali ta nan ake ɗaukar kwalara, taifod, tsutsar ciki da shan inna. An bayyana Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a watan Agustan 2020, amma har yau ana zagayen ɗiga wa yara rigakafi, kuma hanyar yaɗuwar cutar ita ce bayan gida. Jihar Jigawa, maƙwabciyarku, ita ce ta farko da aka ayyana ta daina bahaya a fili a 2022, kuma irin wannan aiki daga fo ɗin yara yake farawa. A juye fo a masai nan take, ba a kwata ko bola ba, a wanke shi da sabulu a kife. Famfas a ƙulle a leda inda kaji da awaki ba za su ja ba. Ke da ke shayar da jaririya 'yar wata 2, sabulu bayan kowane tsarki wajibi ne a kanki. A rufe bakin masai da murfi mai nauyi, kuma kada a bar bokiti ko baho cike da ruwa a ban ɗaki, domin yaro mai wannan shekaru yana iya faɗawa da ka ya kasa fitowa.

Fitsarin kwance kuwa, ki cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Likitoci ba sa ɗaukarsa matsala kafin yaro ya kai shekara 5. Riƙe fitsari cikin barci ba abu ne da ake koyarwa ba, sai mafitsara ta girma, jiki ya fara rage yin fitsari da dare, ƙwaƙwalwa kuma ta iya tashin yaro in mara ta cika. Yana bin jini ma, in kika bincika a hankali za ki iya samun wanda ya daɗe yana yi a danginku ko na mijinki. Hanjin da ya cika yana danne mafitsara, don haka gyaran cikin zai iya rage shi. Ki shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gado, ya yi fitsari kafin ya kwanta, a daina ba shi shayi ko lemon kwalba da dare, amma kada a hana shi ruwa da rana. Kada ki bari yara su yi masa waƙar amalala. In kuma kika ga yana shan ruwa fiye da kima, yana yawan fitsari dare da rana yana ramewa, a gwada sukarinsa ba tare da jinkiri ba. Yara masu sikila ma sun fi yawan fitsarin kwance saboda ƙodarsu ba ta iya rage ruwan fitsari yadda ya kamata, don haka in ba a taɓa gwada jininsa ba, a yi a wannan zuwan.

Saura makaranta. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma sa wa yaron nan wa'adi zai dawo da matsin da muke ƙoƙarin ɗaukewa. Ki je ki tambayi makarantar ko suna karɓar yaro da famfas, wa ke kai yara ban ɗaki, kuma me suke yi wa wanda ya ɓata wando. In kika ji alamar duka ko kunyatawa, ki nemi wata. In kin samu mai kyau, ki gaya wa malamarsa yana shan maganin ciki, ki sa wando biyu da leda a jakarsa kullum. In ba ki samu ba, ki jinkirta zango ɗaya ko biyu, yaron da bai cika shekara 3 ba babu karatun da zai wuce shi. Ki sake rubuto mini bayan kun ga likita, ki gaya mini abin da ya ce da yadda cikin yaron yake tafiya. Allah Ya ba shi lafiya.